Wasan Samari a Bakin Dajin Rugu

Wanda ya fita birnin Katsina ya nufi yamma, ya ɗan karkata kudu, zai iske Batsari, inda Sarkin Ruma ya ke hakimci. In ya ƙara gangarawa kudu sai ƙasar Safana, ta Yariman Katsina, mai garuruwa irin su Runka da Zakka. Bayan waɗannan ƙasashe biyu, wajen faɗuwar rana, nan Dajin Rugu ya shimfiɗe har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Daji ne mai tsohon suna. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya bi ta Zakka cikin 1853 za shi Sakkwato, ya kuma rubuta irin fargabar da ayarinsu ya yi kafin ya ƙetare dajin, don tsoron mayaƙan Gobir. Watau tun ba yau ba dajin nan ya ke ciyad da mutane, ya ke kuma ba su tsoro.

Mutanen da ke zaune a bakin daji irin wannan ba su rasa yin wasa da abin da ke cikinsa. Tun kafin kalmar wasan kwaikwayo ta shiga littattafan makaranta, samarin ƙauyuka suna da ƙungiyoyinsu, da sarkin samari, da makaɗa, da lokatan da su kan fito. Ba su da zauren wasa, ba labule, ba mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Dandali ne zaurensu, ko ƙofar gidan mai unguwa, ko gindin wata tsamiya, fitilarsu kuwa farin wata. Goma ga watan azumi yara su kan fara tashe, suna bi gida gida bayan an sha ruwa. Da kaka kuma, in amfani ya shiga rumbu, samari su kan yi kalankuwa, su naɗa wa junansu sarauta, wannan Sarki, wannan Alkali, wancan Di'o ko Likita, su yi kwanaki suna mulkin wasa. A zamanin nan an sami wani iri na uku, wanda 'yan makaranta da ƙungiyoyin matasa su ke shiryawa don faɗakar da jama'a a kan saran itatuwa da gurgusowar hamada. Dukansu a fili a ke yin su, amma ba darajarsu ɗaya ba, ya kuwa kamata a auna su.

Ma'aunin da ya fi dacewa yana hannun maharba. Akwai wani babban tsuntsu baƙi, burtu, mai dogon baki da wani ƙulli a bisa kansa, wanda ya fi son tafiya a ƙasa da tashi sama. Namun daji sun saba da shi, ba su gudunsa. Saboda haka maharbi ya kan sassaƙa kan burtu da dogon wuya, ya rufe shi da fata, wani ma ya manna masa idon zakara don ado, ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa. Sa'an nan ya riƙa rarrafe yana kaɗa kai, yana saran ƙasa da bakin kamar mai neman fara, ya tsaya, ya waiga, ya sake matsawa, har ya kai inda kibiya za ta cim ma barewa. To, wannan kwaikwayo ne sosai, mai kallonsa kuwa ba ya yin kara. In burtun ya yi taku ɗaya wanda burtun gaske ba ya yi, sai dai maharbi ya hangi ƙura, ya koma gida a kwana da miya lami. Shi ya sa ba mai ɗaura kan burtu sai wanda ya daɗe yana kallon burtu. Tambayar da za a yi wa kowane wasa na daji ke nan: mai yin sa ya duba abin da ya ke kwaikwayo da idonsa, ko kuwa ji ya yi a bakin wani?

Cikin wasannin tashe, wanda ya fi cin wannan jarrabawa shi ne Jatau mai magani. Yaro ne ya kan yi shigar boka, ya rataya layu da ƙahoni, ya ɗauko ƙunshin saiwoyi da ɓawo da ganyaye, ya tsuguna a tsakar gida ya baje su, yana kurin maganinsa 'yan'uwansa suna amsawa. A zahiri ba'a a ke yi wa boka da yawan cika bakinsa. Amma ba'ar ba ta yin armashi sai yaron ya san kayan da ya baje. Yaron birni ya iya cika jakarsa da kowane ganye ya tsinta a bakin hanya, ba mai kula. Yaron Runka ko na Wagini ba shi da wannan dama, domin gabansa tsofaffin mata ne zaune, waɗanda su ka tashi da tsinkar sabara don wankan jego, su ka san ɗacin ɓawon maɗaci da a ke jiƙa wa mai ciwon ciki, da marke na mai tari, da kalgo da a ke ɓare wa ɓawo a yi igiya, da bagaruwa ta majema, da ƙirya wadda maƙera ba su da gawayin da ya fi nata. In ya ɗaga geza ya ce sabara ce, za a yi dariya, amma shi a ke yi wa, ba Jatau ba. Saboda haka kafin dare ya yi sai ya tambayi kakarsa, ko ya bi wani yayansa bayan gari ya nuna masa. Ba wanda ya ce masa karatu ya ke yi, ga shi kuwa ya yi.

Haka wasan nan na dandali da a ke kira jini-jini. Mai ba da wasa ya riƙa jero sunayen masu jini, gada, zomo, bushiya, damo, guza, yara suna amsawa da sauri, kwaram sai ya sako dutse ko turmi, wanda ya yi suɓutar baki ya amsa ya sha duka. Ƙaramin wasa ne, amma mai ba da shi ba ya daɗewa a tsaye sai yana da sunayen dabbobi da yawa a ka.

Wani abin yabo kuma shi ne kayan wasan. Danda dokin kara, sunansa ma ya faɗi abin da a ka yi shi da shi. Gemun tsoho auduga ce ko gashin masara, kwalliyar fuska toka ce da baƙin tukunya, gangar kuwa ƙwarya ce ko tsohon gwangwani. Tun da ya ke watan azumi zagayawa ya ke yi, ya kan ɗauki wajen shekara 33 kafin ya komo inda ya fito, tashe ya kan faɗo wani lokaci cikin damina, wani lokaci cikin hunturu ko bazara, yara su yi da abin da lokacin ya ba su.

Amma fa tashe yana da nasa aibi, bai kamata a rufe ba don son abin gargajiya. Na farko, gajere ne ƙwarai. Da an miƙo hatsi ko 'yan kuɗi sai a naɗe kaya a yi gaba, a je gida na biye a maimaita abin da a ka yi, ba labarin da ke tafiya har ya kai wani wuri. Na biyu, in yara sun tashi kwaikwayon kura, ba kurar dawa su ke yi ba, kurar gardi ce, mai takunkumi da sarƙa, wadda a ke ja kasuwa kasuwa. Da ita da birin da a ke sa wa riga, duk bayi ne. Sa'an nan akwai wasanni irin su Macukule, inda abin dariyar duka shi ne baƙo bai iya Hausa ba, bai iya sa tufa ba. Wannan dariya ce mai araha, za a kuwa sake komowa kanta. Babban giɓin dai shi ne, Jatau ba ya taɓa tambayar inda itatuwansa su ka tafi. Kullum jakarsa cike ta ke, alhali kuwa masu neman saiwar gaske sai ƙara nisa su ke yi kafin su samo.

Wannan giɓi ne wasan faɗakarwa ya zo ya cike, niyyarsa kuwa kyakkyawa ce. Wanda ya ga ɗaya ya ga saura. A kan fito da mutum biyu. Na farko wawa ne, da gatari a kafaɗa, ya sare duk icen da ke gonarsa ya sayar. Na biyu mai hankali ne, ya karɓo irin bedi, wanda waɗansu ke kira darbejiya ko dogon yaro, ya dasa. Sai iska ta taso, yara su yi ta kaɗa zannuwa, rairayi ya binne gonar wawa, ya zauna yana kuka. Daga nan malamin daji ya fito da wando da takalmi da littafi a hannu, ya yi dogon jawabi, wawa ya tuba, a tafa. Wannan tsari ba yaran ne su ka ƙago shi ba, gado ne. Haka majigin zamanin Turawa ya ke, wanda a kan kafa a ƙofar fada a nuna mai bin shawarar malamin gona ya yi arziki, mai ƙi ya tsiyace. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda a ka buga cikin 1949 don koyad da tsabta da kiwon lafiya, shi ma daga wannan gida ya fito. A wancan lokaci abin sabo ne, ya kuma yi amfaninsa.

To, a ɗora shi a kan ma'aunin burtu a gani. Wawan nan mai gatari, wa ya taɓa ganinsa? Manomin ƙasar Batsari ya san amfanin ice tun kafin a haifi mai jawabin. Ya san gawo, wanda ya saɓa wa sauran itatuwa, ya kan zubad da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya tofo da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, gero kuma ya fi kyau a gindinsa. Ya san ɗorawa da kaɗanya da kuka dukiya ce da a ke gado. In irin wannan mutum ya ɗauki gatari, akwai dalili. Ko dai hatsi ya ƙare tun kafin a kai ga sabo, ko an kawo takardar asibiti, ko mai motar gawayi ya zo da kuɗi a hannu ran da ba ko sisi a gidan. Matar da ke ɗauko dami a ka, da me a ke so ta dafa tuwo? Wasan bai tambaya ba. Bai kuma nuna abin da kowa ya sani ba, cewa dashen da a ka yi da biki cikin damina, in rani ya yi, ba mai ba shi ruwa, ba shinge, akuya ta gama da shi. Masu kallo sun san wannan duka. Su kan yi dariya don 'ya'yansu ne ke wasan, su tafa don ladabi, su tashi kowa da abin da ya zo da shi a zuci. Barewa ce kawai ba ta iya wannan kara ba.

Akwai kuma wani abin da ya fi ban takaici, watau a wasan da a ka ce na itatuwa ne, icen ba shi da suna. Yaro ya tsaya ya miƙa hannuwa sama, shi ke nan ya zama ice. Wane ice? Jatau da ba'arsa ya fi wannan sanin daji nesa ba kusa ba.

Da masu shirya wasan za su ɗaga kai su dubi arewa kaɗan, da sun sami labarin da ya fi nasu. A ƙasar Maraɗi, ƙetaren iyaka, an daɗe ana dashe yana mutuwa. Cikin 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tofon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi an bari, an datse saura, sai ice ya tashi da sauri, ba ban ruwa, ba sayen iri. Da fari manoma sun ƙi, har da dariya, domin a wurinsu gona mai tsabta ita ce wadda a ka share ƙal, kuma a dokar lokacin icen na hukuma ne, mai gona ya taɓa a ci shi tara. Yunwar 1984 ce ta sa da yawa su ka gwada. Da mutane su ka tabbata icen da su ka raina nasu ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona, har masu bincike su ka ƙiyasta ya kai kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200. A duba abin da ke cikin wannan labari: ga mutum na farko da ya bar tofo a gonarsa maƙwabta suna ce masa rago, ga ɓarawon dare mai sare abin da wani ya raina, ga malamin daji da takardar tara, ga uwargida da ta huta da tafiyar neman itace. Kowane ɗaya yana da hujjarsa, ba wawa a cikinsu ko ɗaya.

Hanyar shirya irin wannan wasa ma ba sai an je nesa nemanta ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun daga 1975 da Michael Etherton ya fara koyad da wasan kwaikwayo a can, malamai da ɗalibai su ka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Bomo da Maska ta ƙasar Katsina. Su kan zauna da mutanen gari su saurari abin da ke damunsu tukuna, sa'an nan su ɗinka wasa da shi su nuna a dandali, su tsaya a tsakiya su tambayi masu kallo yadda za a ƙarasa, har wani ya tashi ya shiga ya karɓi matsayin. A Nijar kuma, bayan da Seyni Kountché ya hau mulki cikin 1974 ya farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya, samarin Damagaram da Maraɗi sun yi suna da wasannin da su ke shiryawa da ka, ba rubutu, kowa ya san halin wanda ya ke kwaikwayo ya yi magana da bakinsa. Ko da ya ke hukuma ce ke ba su jigo, Hausar da ke bakinsu ta kasuwa ce da ta zaure, shi ya sa a ke cika wurin.

Sai dai duk wannan magana tana da wani nauyi a Batsari da Safana wanda ba ta da shi a wani wuri. Shekaru da dama ke nan Dajin Rugu ya zama mafakar 'yan bindiga masu satar shanu da mutane. Cikin Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. Cikin 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta rufe kasuwannin dabbobi a wannan yanki, ta hana motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma yanke layukan waya na wani lokaci. Ƙauyuka da yawa sun watse, mutanensu sun kwana a makarantu da gidajen dangi a cikin gari. Wasan dare kuwa ba ya yiwuwa sai da kwanciyar rai. Uwar da ke kasa kunne ko za ta ji ƙarar babura ba ta barin ɗanta ya bi gida gida da ƙwarya. Akwai yaran da su ka yi wayo a wannan zamani, daji yana kusa da su, ba su taɓa shiga ba. Sun san sunan bindigogi fiye da sunan tsuntsaye. In an ce su yi Jatau, wa zai raka su bayan gari ya nuna musu sabara?

A nan ne dariyar nan mai araha ta ke zama abin tsoro. An saba a wasa a fito da Bafulatani da sanda da malfa, yana karya Hausa, ana cutarsa a kasuwa ana dariya. Yanzu kuma sai a fito da shi da rawani da bindigar kara. Duka biyun ba a dube shi ba. Alhali kuwa shi ma ɗan bakin dajin nan ne, ya fi kowa sanin wace ciyawa ke sa nono, wane ganye ke kashe saniya. An yi dokar keɓe makiyaya a Jihar Arewa cikin 1965, dajin Ruma da Kukar Jangarai kuwa yana cikin wuraren da a ka tanada don kiwo. Yadda burtali ya ƙuntata har ya zama gona, yadda mashaya ta koma fadamar wani, yadda saniya ta shiga gero a ka ci tarar da ta fi ɓarnar, yadda makiyayin da a ka kwashe wa garke ya wayi gari ba shi da komai, duk labarin daji ne. Faɗinsa ba ya wanke mai kisa, ba ya kuma rage wa wanda a ka kashe wa uba zafi. Amma wasan da ya yi zancen Rugu ya tsallake wannan, ya tsaya a kan dashen bedi, masu kallo za su gane tsoro ne ya hana shi.

Abin mamaki, wurin da ya dace da wannan shari'a yana nan cikin kalankuwa tun da daɗewa. Ga Sarki, ga Alkali da muhutinsa, ga ɗan doka, ga jama'a kewaye waɗanda su ka saba tsoma baki. A da ƙarar da a kan kawo ta wasa ce, wane ya yi wa budurwar wane magana, a ci shi tarar goro. Ba abin da zai hana a kawo ƙarar gawo guda, wanda manomi ya raina a gonarsa shekara bakwai, makiyayi ya sassare rassansa da rani don shanunsa na mutuwa, mai gawayi ya taya kututturen, malamin daji ya ce duk cikinsu ba mai ikon taɓawa. Alkalin wasa ya saurari kowa, ya juya ya tambayi dattawan da ke zaune a kan tabarma. Da rana ma a iya yi, a filin makaranta ko a gefen kasuwa, in dare bai amintu ba. Wanda zai fito a makiyayi sai ya je ruga ya zauna tukuna, ko kuwa a kira ɗan rugar ya yi da kansa. Wanda zai fito a gawo ya sani cewa in a wasan damina ce, hannuwansa ba ganye.

Burtu kansa ya yi wuyar gani a ƙasar yanzu, maharban da su ka yi farauta da kansa kuma sun tsufa. Akwai dai sauransu a garuruwan bakin dajin, wani ma kan burtun na nan rataye a bangon ɗakinsa, fatar ta bushe, idon zakaran ya zube. In samari sun je da goro sun gaishe shi, sun ce Baba a nuna mana, zai yi musu gardama kaɗan don ciwon gwiwa, sa'an nan ya ce a miƙo masa baƙin zane.